A Sauke Mata Kaya

Litinin: Maraɗi zuwa Agiye

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, ladanin unguwarmu bai ma gama gyaran murya ba. Mai ɗakina ta biyo ni har zaure da ƙullin dabino, tana mita wai mutumin da ya yi ritaya me ya haɗa shi da sammako. Na ce mata kwana uku ne kawai. Ta ce ta ji, kamar yadda ta ji sojoji sun ce ba za su daɗe ba. Lokacin muna tsakiyar riƙon ƙwarya, kowa a gari ya zama masanin tsarin mulki, har masu tallan fura.

Ga abin da ya fitar da ni. Wani furoje, wato shirin tallafi, ya kafa injin iska guda uku a gidajen likita uku na karkara, ɗaya a ƙasar Agiye, ɗaya a ƙasar Gazawa, ɗaya wajen Gidan Sori. Dogon ƙarfe ne da fukafukai uku a samansa, iska ta juya su su ba da wuta. Mutanen karkara ba su wahalar da kansu ba, fanka suke ce mata. To cikin bazarar nan biyu suka tarwatse. Mai gadin ta Agiye bai jira kowa ba, ya tattara ya tsallaka iyaka. Na Gazawa, wani Malam Garba, yana nan, kuma shugaban furoje ya riga ya yanke cewa sakacinsa ne, takarda kawai yake jira ya sallame shi. Ni aka ce in rubuto takardar. Tsohon mushen lakol ne ni, wato malamin makaranta, tun da na ajiye alli nake ɗan taɓa musu fassara da rubutun rapor, wato rahoto.

Abokin tafiyata Ila ne, mai gyaran wuta na furojen, wanda na koyar a aji huɗu. Waya dai ba ta gagararsa, amma Faransancinsa na rubutu ni na san iyakarsa, don ni na yi fama da shi.

A tasha muka samu bas ƴar goma sha tara, ta ɗauki mutum ashirin da uku ban da kaji. Jika ɗaya da rabi kowa. Shida da minti goma muka ɗaga. A shingen fita gari jandarma ya karɓi takardar misiyon ɗinmu, wato izinin tafiyar aiki, ya juya ta, ya dube ni.

"Injin iska? Iskar ma yanzu sai da inji?"

"Ranka ya daɗe, ci gaba ne," in ji Ila.

Ya miƙo mana yana girgiza kai. Bakwai da minti biyar muna Cadawa, kilomita talatin da bakwai, inda direba ya tsaya shan shayi ba tare da ya shawarci kowa ba. Da ya dawo ya leƙo ta madubi.

"Mushe, ku da kuka yi lakol, za su miƙa mulkin kuwa?"

"In ka dubi hanya muka isa da rai, za mu gani tare."

Takwas da rabi muka sauka Agiye, muka ɗauki kabu-kabu biyu zuwa ƙauyen, kilomita goma sha biyu cikin rairayi. Manoma duk sun gama sharar gona, kowa ido na gabas.

Ƙarfen yana nan tsaye, amma kansa babu komai. Fiffike ɗaya mun same shi a gonar wani, tafiyar taku ɗari daga wurin, ɗaya an riga an yi ƙyauren akurki da shi. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitar, ya buɗe mana ɗan ɗakin da akwatin injin yake. Jikin akwatin akwai hannu na ƙarfe mai matsayi uku, sama da tsakiya da ƙasa. Yana tsakiya. Akwai allon ƙarfe a bango, amma rufin ya yaye, rana da ruwa sun cinye fentin rubutun.

Na ce wa Ila ya yi mini bayani irin na ɗan aji ɗaya, don abin da ban gane ba ba zan iya rubutawa ba. Ya ji daɗin wannan juyin, har da gyara tsayuwa.

"Mushe, in hannu na sama, fanka na haɗe da layin wutar gari. Duk ƙarhin da iska ta ba ta, can take tura shi, kuma nauyin turawar nan shi ke hana ta gudu. To ran da hadari ya kada poto, turken wuta ke nan, layi ya mutu, ba ta da inda za ta zuba. Ita ko iska ba ta san an ɗauke wuta ba, turawa kawai take yi."

"Sai me?"

"Sai a ja hannu ƙasa." Ya zagaya da ni bayan ɗakin, ya nuna mini wani murɗaɗɗen ƙarfe cikin keji. "Wannan shi ke shanye wutar, ya maishe ta zahi. Ya ba ta abin ja ke nan. Amma in aka sa tsakiya, an sake ta, ba layi ba ƙarhe. Gudu za ta yi ta yi har ta yayyaga kanta."

Ya ce da aka kai su horo an nuna musu hoton ƙasashen da ake dasa irin waɗannan birjik a fili ɗaya, har ana ce wa wurin gona. Can in layi ya yi tuntuɓe, an hore su su ɗan jure na ƙiftawar ido, kada su saki gaba ɗaya gari ya faɗa duhu. In abin ya ƙi, su karkata fukafukansu su bar iska ta wuce. Namu ƙanana ne. Ƴar na'urar da ke yi musu wannan wayon zafin bara ya ƙone ta a duk ukun, saura hannu da mutum.

Na rubuta duka a littafina, ina jin kaina injiniya.

Gazawa

Ƙarfe uku muka bar Agiye a bayan wata motar buhunan wake, ba mu yi minti arba'in ba muka shiga Gazawa. Garin ƴan kasuwa ne, babura ta ko'ina, kowanne da jarkoki an ɗaure kamar zai tashi sama. Wani tsohon abokin aikina ya sauke mu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya, muna sa hannu aka ɗauke wuta. Mai gidan bai ko ɗaga kai ba, ya ce wutar daga Najeriya take zuwa, hanya da nisa, dole ta riƙa tsayawa hutawa.

Da na ambaci Malam Garba sai ya ajiye loma. Ya ce ya san shi. Mutumin ya haura hamsin kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci, shi kaɗai cikin sa'o'insa ya jure har ya iya. Don karatun nan aka ba shi gadin. Shi ke karanta wa ƙauyen wasiƙa da takardar magani. Amma tun da fankar ta fashe matasa suka sa masa suna Garba Mai Karatu, shi kuma ya daina karɓar takardar kowa.

Talata: ƙauyen Malam Garba

Bakwai da kwata muka hau babura, kilomita tara kudu da gari. Mun tarar da shi a ƙofar gidan likita, ya sa wankakkiyar riga, ya share filin tas. Fukafukan da suka karye ya tattara su ya jera a inuwa, ya rufa musu tabarma. Bayan gaisuwa na buɗe littafi na ce ya faɗa mini yadda aka yi, kada ya rage komai.

"Mushe, ran nan hadari ya taso bayan la'asar. Wuta ta ɗauke. Na sheƙo na buɗe ɗaki, na tsaya gaban allo, na karanta shi sau biyu don kada in yi garaje. Zo ka gani da idonka."

Allon nan ƙalau yake. Ya sa yatsa ƙarƙashin baƙaƙen yana bi ɗaya-ɗaya: "In an ɗauke wuta, a sauke mata kaya."

"To na ja hannu ƙasa. Sai na ji tana nishi, ƙarhen bayan ɗaki ya yi jawur. Na ce a'a, wannan ai ɗora kaya ne, ba saukewa ba. Na maida shi tsakiya, allurar mitar akwatin ta kwanta, na ce yawwa, na sauke mata. Mushe, ban kai ƙohwa ba ta hwara kuka."

Ban rubuta ko kalma ɗaya ba, don na san jimlar nan. Shekara biyu kafin nan, wata Juma'a, an miƙo mini takarda mai layi kusan ashirin a buro, wato ofishin furojen, aka ce in mai da ita Hausa kafin a tafi masallaci. A layi na bakwai ko na takwas akwai kalmar décharge. Wane ɗan lakol ne bai san ta ba? Ita ake faɗa in mota ta iso tasha ana sauke buhuna. Na rubuta nawa na wuce, har ina yaba wa kaina cewa Hausar ta yi daɗi. Ban taɓa ganin injin ba, ban kuma tambayi kowa ba. Ashe a bakin masu wuta sunan wancan murɗaɗɗen ƙarfen ke nan, kuma abin da ake nufi a ja hannu zuwa gare shi.

Ila ya karanta allon, ya sake karantawa, ya cire hula ya buga a cinya.

"Wane jaki ne ya hwassara wannan?"

Na ce zafin yau kam ya fi na jiya. Sunan nan ni na sha kiran Ila da shi a kan shifta, ban taɓa zaton zai dawo mini ta wannan hanyar ba. Shi bai sani ba, don takardun fassara ba ta hannunsa suke bi ba.

Malam Garba bai gane abin da ya fusata Ila ba. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mushe, kai malami ne. Aikin in an karɓe, Allah na nan. Amma ka gaya mini tsakani da Allah, karatun nawa ne bai nuna ba?"

Na ce, "Za mu duba, Malam Garba." Abin da ya fito daga bakina ke nan, ni da na shekara talatin ina hukunta yara a kan ƙarya. Kunya ta hana ni kallon idonsa. Ya raka mu har bakin hanya, ya ba mu ƙwai shida a leda.

Gazawa zuwa Gidan Rumji

Kafin mu isa tasha Ila ya tuna cewa allon fanka ta uku ma wannan rubutun ne a jikinsa, ga shi kullum da yamma hadari sai ya haɗu. Ya kira gidan likitar can sau biyar, waya ba ta shiga. Sha ɗaya da rabi muka samu bas mai zuwa Maraɗi. Biyu da kwata muka iso, na hango kan layin gidanmu ta taga na kau da kai. Muka canja mota a tashar yamma, muka bi ta Tibiri. Kilomita hamsin da ƴan kai ne zuwa Gidan Rumji, inda ake ratsewa zuwa Gidan Sori, amma taya ta fashe sau ɗaya, sannan aka tsaya wani fasinja ya yi cinikin rago bai saya ba. Sai biyar da rabi muka sauka.

Duk tsawon hanyar nan rapor nake shiryawa a kaina. Faransanci yana da irin jimlolin da laifi zai shiga ciki ya ɓace, a ce an samu rashin fahimta, a ce akwai bukatar ƙarin horo. Na haɗa guda uku masu kyau. Na kuma san sarai cewa shugaban furoje in ya karanta rashin fahimta, Malam Garba zai gani, ba ni ba.

Mun so mu wuce a ranar, amma ƙa'ida sai an buga wa takardarmu hatimi a buron hukumar garin, kuma an tashi. Muka kwana gidan wani dillalin hatsi, ƙanen matar Ila. Ya sa aka gasa mana zabi biyu. Ila ya ci ɗaya da rabi yana zagin mai fassara, ni na ce haƙorina ke ciwo.

Laraba: Gidan Sori

Takwas muna buro. Wanda aka ɗora riƙon wurin sabo ne, hatimin kuma yana aljihun wanda ya tafi ta'aziyya. Sha biyu saura muka samu. Muka ɗauki kabu-kabu zuwa Gidan Sori, muka yi azahar a can. Saura kilomita shida zuwa ƙauyen, amma masu babur suka dubi gabas suka ce ko an ninka musu ba su zuwa. Wani mai amalanken shanu da ya kawo wake kasuwa ya ce mu hau.

"In munka isa kahin ruwa, to. In ba mu isa ba, ku da ni duk mun yi wanka."

Shanun nan ba su san sauri ba. Muna tafe gabas tana ƙara baƙi, iska ta fara kwasar kara tana watsa mana. Tun daga nesa muka hango fankar tana juyi, fukafukanta uku cif. Saura kaɗan mu isa muka ga wani turken wuta ya kwanta a gona da wayoyinsa. Ila ya dire daga amalanke ya zura da gudu, na bi shi da irin gudun da gwiwata ta yarda da shi.

A ƙofar ɗakin akwati muka tarar da rigima. Wani dattijo Bafillace, Ja'e, shi ne mai gadin, ya gitta sandarsa a bakin ƙofa. Gabansa majon wurin ce, Hadiza, matashiya, wata biyu da kawo ta. Iska na neman tafiya da kallabinta, ita kuma tana nuna allo.

"Baffa, ka matsa! An rubuta a sauke mata kaya, kai ka ja ƙasa. Ba ka jin nishin da take yi? Ƙarhen baya ya yi ja, gobara kake so mu yi?"

"Ɗiyata, a bari shi. Nishi lahiya ne."

Ila ya ce kada wanda ya taɓa komai, ya zagaya baya duba kejin. Majo ba ta san shi ba, ta ga dai wani ya zo a guje cikin ƙura. Ni ta juyo wa, da furfurata da jakata da tabarau.

"Alhamdu lillahi, ku ne na furoje? Baba, ku gaya mishi. Maganin rigakahin yara duk yana cikin firigo, in fankar nan ta lalace ni za a tambaya. Wanda ya rubuta allon nan injiniya ne, ya hi mu sani."

Ta riga ta sa hannu ta ture sandar. Ban san lokacin da murya ta fito mini ba, irin wadda nake tsawata wa ƴan bayan aji da ita.

"Majo, kada ki taɓa! Ba injiniya ba ne, ni ne. Ni na rubuta, kuma kuskure na yi. Ranar da na rubuta ko hoton injin ban taɓa gani ba."

Ta tsaya da hannu a sama. Ja'e ya dube ni, ya dubi allon, ya mai da sandarsa kafaɗa. Ila ya dawo daga baya yana tsaye a kusurwar ɗaki, ya ji komai. Sai ruwa ya sauko, muka cusu cikin ɗan ɗakin mu huɗu. Minti arba'in iska na dukan rufi. Fankar tana nishi tana juyi a hankali, ba ta ƙara gudu ba ko kaɗan. Da ruwa ya tsagaita muka fito, tana nan lafiya lau, keji na ta tururi.

Na tambayi Ja'e wa ya koya masa.

"Ba kowa. Ni ban san baƙi ba, Mushe. Ran da wuta ya hwara tahiya na sa tsakiya, na ji shina ihu, na ce wannan ba lahiya. Bijimi in shina jan guga a rijiya igiya ya tsinke, da baki yake zuwa ƙasa. Na sa ƙasa, ya natsu. Shi ke nan." Ya nuna kejin. "Har gyaɗa nake gasawa nan."

Majo ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba shi haƙuri. Ila ya goge layin da wuƙa, ya ce gara ba rubutu kafin a samo fenti. Da muka keɓe ya yi ta susar ƙeya.

"Mushe, maganar jakin nan da na yi..."

"Ka faɗi daidai. Sifiri bisa goma na ci, rubuta mini."

"A'a, Mushe. Ni ka taɓa ba ni biyu don tsabtar takarda. Na ba ka biyu."

A gidan likitar muka kwana. Matar Ja'e ta aiko da fura da nono mai kauri, na sha har na manta da ciwon haƙori.

Alhamis: komawa Gazawa

Kwana ukun da na yi wa mai ɗakina alkawari sun cika, amma ba gida na nufa ba. Shida muka bar ƙauyen, tara muna bakin kwalta, sha ɗaya saura muna Maraɗi. Ila ya sauka zai kai labari buro. Ni na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti da buroshi, na kira gida.

"Kana ina?"

"Tasha."

"To ka ƙaraso mana."

"Gazawa zan koma."

"Ka yi mantuwa ne?"

"Babba ma."

Direban ranar Litinin na sake samu. Ya ce, "Mushe, kai ma tsayawa zaɓe za ka yi ne, kake ta zagaye?" Na ce masa janyewa zan je yi. Uku da rabi ina ƙauyen Malam Garba, daidai ana shirin la'asar.

Da aka sallame na roƙi mai gari ya tsayar mini da jama'a a ƙofar masallaci, har da matasan da ke zaune gindin bishiyar bedi. Ban iya tsara zance ba ranar, duk da shekarun da na yi gaban allo. Na ce musu rubutun da ke ɗakin injin ni na yi shi, kuma abin da na rubuta kishiyar abin da ya kamata ne. Na ce duk wanda ya iya karatu ya bi shi, abin da Malam Garba ya yi shi zai yi. Fanka biyu ni na karya su daga kan kujera a Maraɗi.

Mai gari ya ce, "Ikon Allah." Wani daga baya ya ce ashe manyan ma suna yi. Malam Garba yana zaune a bakin tabarma da carbi, bai motsa ba. Can ya ɗago.

"Mushe, wato daidai na karanta?"

"Daidai ka karanta, Malam Garba. Ba ka tsallake ko wasali ba."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka, ban ɓoye ba. Na nemi gafararsa a gaban kowa, kan allon da kuma kan shirun da na yi ranar Talata, don shi ya fi ci mini rai. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana duka.

Muka tafi ɗakin injin da rabin ƙauyen a bayanmu. Na goge tsohon layin, na buɗe fenti, na tambaye shi me ya kamata a rubuta, kafin a kawo sababbin fukafukai. Na fara kawo wata doguwar jimla mai ma'ana biyu, ya ɗaga mini hannu.

"Mushe, bar kaya ɗin nan gaba ɗaya. Sa: In an ɗauke wuta, ja hannu ƙasa."

Haka na rubuta. Ya sa yatsa, bai taɓa ɗanyen fentin ba, ya karanta da ƙarfi yadda na waje za su ji.

Juma'a: gida

Na kwana Gazawa, na kamo motar farko, goma da minti ashirin ina ƙofar gida. Mai ɗakina ta dubi jan fentin da ke hannun rigata ta ce kwana uku sun zama biyar, ba laifi, na fi wasu cika alkawari.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa waɗanda suka sauke mu a Gazawa da Gidan Rumji, da mai amalanken da ya ƙi karɓar komai, da Majo Hadiza, da Ja'e wanda ya tsare ƙofa da sanda, da Ila da ya ba ni biyu bisa goma. Ba a sallami Malam Garba ba. Ni ne dai furojen bai sake kira fassara ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Godiyata ta ƙarshe ga Malam Garba ce. Da zan hau babur ranar Alhamis ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, in ka sake rubuta wani abu, ka aiko in duba maka." Kafin in kai rapor ɗin buro na mai da shi Hausa, na ba direban Gazawa ya kai masa. Bayan kwana biyu takardar ta dawo. Ya gyara mini wuri biyu.